Garkuwa: Yadda Ake Haɗa Ta da Hannu da Halin da Kalmominta Suke Ciki a Unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu

1.0 Gabatarwa

Idan aka zo maganar kayan yaƙin Hausawa na dauri, takobi da mashi da sulke su ne suka fi samun kulawar manazarta. Garkuwa kuwa sai dai a ambaci sunanta cikin jeri a wuce. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙarfe yana jure wa zamani, ita kuwa fata gara da ɓera da laima ba sa barin ta ta tsufa. Takobin kakan kakan mutum yana iya kaiwa hannunsa, amma da wuya garkuwar da ta yi zamani da takobin ta kai.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake haɗa garkuwa da hannu, ta hanyar kwatanta iri biyu da Hausa take kira da suna ɗaya: doguwar garkuwa mai tsini ta mahayan Turai na ƙarni na 11 da na 12, wadda ƙashin bayanta katako ne, da kuma babbar garkuwar ƙasar Hausa da Abzin, wadda fata ce zalla. Daga nan za a dubi halin da sana'ar da kalmominta suke ciki a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu. An zaɓi waɗannan birane uku ne domin a cikinsu ake ganin abin da yake samun kalma idan ta rabu da abin da take nuni gare shi. Ga Hausawa, ga shanu ana yankawa kullum, ga dukawa, ga kalmar garkuwa a bakin kowa, amma ita garkuwar babu ita.

2.0 Garkuwa a Tarihi

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1908, ya ce a zamanin Sarki Yusa, wanda ake kira Tsaraki, aka fara amfani da garkuwa a Kano. Bisa lissafin Palmer, Yusa ya yi sarauta daga 1136 zuwa 1194. Lifidi da kwalkwali da sulke kuwa sai a zamanin Kanajeji (1390–1410) littafin ya ambaci shigowarsu. Ke nan fiye da shekara 200 garkuwa ce babbar kariyar mayaƙin Kano kafin ya sami wata.

A arewacin Sahara garkuwar fata ta riga wannan lokaci yin suna. Marubutan Larabawa na da sun yi ta yabon garkuwar Lamɗa, wadda ake yi da fatar wata dabbar daji da suke kira lamɗ, wato warwaji. Al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa a 1154, ya ambaci garin Nul Lamɗa a kudancin Maroko a matsayin inda ake yin ta, kuma an ruwaito cewa masu sana'ar sukan jiƙa fatar cikin nono har shekara guda, ta yadda takobi zai sare ta ya dawo. Daga kalmar Larabci daraƙa, wato garkuwar fata, mutanen Sifen suka samo sunan tasu garkuwar, adarga.

A daidai wannan zamani ne doguwar garkuwa mai tsini take tashe a Turai. Shahararren ƙyallen nan na garin Bayeux a Faransa, mai tsawon kusan mita 70, wanda aka yi wa surfani da labarin yaƙin Hastings na 1066, ya nuna mahayan Normandi kusan kowa da irinta: samanta a kewaye, tana tsukewa har ta ƙare da tsini a ƙasa. Rumawan Gabas sun yi amfani da ita, kuma akwai siffarta a sassaƙe jikin Babun Nasri, ƙofar birnin Alƙahira da aka gina a 1087.

3.0 Haɗa Garkuwa Mai Tsini

Siffar wannan garkuwa daga zaman mahayi a kan doki ta samo asali. Faɗinta na sama yana rufe kafaɗa da ƙirji, tsininta kuma yana bin cinyar hagu zuwa ƙasan gwiwa, inda mai ƙasa yake iya kai sara. Da an bar faɗin har ƙasa, da nauyi ya yi yawa kuma da ta riƙa bugun wuyan doki. Tsawonta yakan wuce mita 1.

Aiki yana farawa daga masassaƙi. Yakan zaɓi itace marar nauyi wanda ba ya saurin tsagewa (idan ana neman kwatankwacinsa a rashin nauyi a ƙasar Hausa, sai a ce rimi), ya fere shi alluna sirara, kaurinsu bai fi na ɗan yatsa ba, ya daidaita bakunansu ya manna su gefe da gefe. Wani malamin coci kuma maƙeri da ya kira kansa Theophilus ya bar bayanin irin wannan aiki a littafinsa na sana'o'i da ya rubuta a farkon ƙarni na 12. Mannin da ya bayyana da cuku ake yin sa: a yayyanka cuku mai laushi, a wanke shi da ruwan zafi har ruwan ya fita garau, a niƙe shi, sannan a kwaɓa da ƙonanniyar farar ƙasa. Idan wannan manni ya bushe, ruwa ba ya narkar da shi. Bayan alluna sun kama juna, sai a kankare fuskarsu da wani ƙarfe mai ƙota biyu har ta yi sumul. Daga nan a kawo ɗanyar fatar doki ko ta jaki ko ta sa, a jiƙa ta, a kankare gashin, a matse ruwan kaɗan, a shimfiɗa ta a kan katakon da damshinta, da wannan manni dai.

Abin lura a nan shi ne ɗanyar fata ake sawa, kuma da damshi. Yayin da take bushewa tana motsewa, sai ta ɗaure allunan tamau kamar yadda fata take ɗaure bakin ganga. Katako shi kaɗai sara ɗaya yana iya raba shi biyu ta bin jijiyarsa, fatar ce take hana tsagar tafiya. Idan ta bushe sai a shafe ta da alli da aka kwaɓa da manni, a goge, a yi fenti. A bayanta akan kafa madauri iri biyu: gajeru da ake zura hannu a ciki, da dogo guda da ake ratayawa a wuya domin hannun hagu ya sami damar riƙe linzami. Garkuwar Seedorf da ke ajiye a gidan tarihi na ƙasar Suwizalan, wadda aka yi wajen shekara ta 1200, da irin wannan haɗi aka yi ta, ga zaki a fuskarta har yau.

Tun tsakiyar ƙarni na 12 aka fara miƙar da saman garkuwar, sannan da sulken ƙafa da kwalkwali mai rufe fuska suka yawaita a ƙarni na 13 sai ta gajarce ta koma ƙarama mai kusurwa uku. Wannan ƙaramar ita ce ta zama allon zana tambarin gidajen sarauta na Turai, kuma za a sake komowa kanta a gaba.

4.0 Haɗa Garkuwar Fata

4.1 Sunaye

Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) sun taskace sunayen garkuwoyi da dama, Smaldone (1977) kuma ya tattara su a nazarinsa na yaƙi a daular Sakkwato. Akwai kunkeli, ƙaramar garkuwa mai kewaye. Akwai manya irin su kutufani da kulumbuwa da kwangwara. Akwai kuma warwaji, wadda ta ci sunan dabbar da aka yi ta da fatarta. Fatun da ake amfani da su sun haɗa da na giwa da ɓauna da raƙumin dawa da sa. Duk wanda ya dubi waɗannan sunaye zai ga cewa girma da siffa da irin fata su ne ma'aunin rabewa, itace ba ya cikin lissafi. Saboda haka a ƙasar Hausa garkuwa aikin mafarauci ne da majemi da baduku, masassaƙi ba shi da rabo a ciki.

4.2 Zaɓen fata

Warwaji, wanda wasu suke kira mariri, babbar dabbar daji ce fara mai jan wuya, da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya kamar takobi, mazauninta bakin Sahara. Fatar namijin tana da kauri ƙwarai a wuya da kafaɗa, inda yake karɓar sukar ɗan'uwansa wajen faɗa. Fifikonta a kan ta giwa da ta ɓauna shi ne tauri ba tare da nauyi ba. Fatar giwa ta fi ta kauri nesa ba kusa ba, amma garkuwar da za ta rufe mutum daga kafaɗa zuwa ƙwauri da fatar giwa ba abin da hannu ɗaya zai yini da shi ba ne. Wanda bai sami warwaji ba sai ya koma ga ƙirgi, wato fatar sa, ya nemi ta tsohon bijimi, ya ɗauki tsakiyar gadon baya, domin fatar ciki da ta hammata sirara ce kuma tana miƙewa.

Tun wajen fiɗa ake samun garkuwa ko a rasa ta. Duk inda bakin wuƙar mai fiɗa ya ɗan ci fata, ko da bai huda ba, nan ne za ta yage idan aka ja ta a turke, nan ne kuma kibiya za ta samu hanya. Haka tabon wuta na shaidar mai shanu, da tabon ƙaya, da cizon kaska.

4.3 Jima ko shanya

A nan ne aikin yake da sarƙaƙiya, a nan ne kuma kalmomi suke ruɗar da mai fassara. Majemin Hausa, kamar waɗanda aka san Ƙofar Wambai ta Kano da su, yana bin matakai sanannu. Yakan jiƙa fata ta yi laushi, ya sa ta cikin ruwan toka, ko ya yi amfani da tsiron fataka, har gashi ya saki. Sai ya kankare gashin da sauran nama da kitse da kartaji. Daga nan ya sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tattabara domin ta saki jiki, sannan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa a kwatarniya, yana juyawa, har bagaruwar ta ratsa ta. A ƙarshe ya shafa mata mai ya murza. Abin da yake fita shi ne fata mai laushi wadda ba ta ruɓa, irin wadda baduku yake so domin jaka da kube da takalmi da laya.

To, amma laushi shi ne abin da mai garkuwa yake gudu. Fata zaruruwa ne masu sarƙe da juna. Idan ta bushe ɗanya, zaruruwan suna mannewa su zama abu guda mai tauri kamar ƙaho, har haske yana ɗan ratsa shi. Bagaruwa kuwa shiga take yi tsakanin zaruruwan ta raba su, shi ya sa jemammiyar fata take lanƙwasuwa, shi ya sa kuma wuƙa take yanka ta cikin sauƙi. Don haka mai garkuwa yana tafiya tare da majemi har zuwa cire gashi da kankare nama, daga nan sai hanya ta rabu. Ko a ruwan tokar ma ba ya son fatar ta daɗe, domin toka tana sassauta zaruruwa.

Rodd, a littafinsa kan Buzayen Abzin na 1926, ya ce garkuwarsu fata ce da aka cire wa gashi aka busar a rana, kuma mafi kyau daga Damargu da Elakkos suke zuwa, da fatar warwaji. Rubuce-rubuce kan yaƙin Hausawa kuwa sukan ce da jemammiyar fata ake yin garkuwa. Saɓanin bai kai yadda ake zato ba. Na farko, a bakin Bahaushe duk fatar da ta bi ta hannun majemi an jeme ta, ko ta ga bagaruwa ko ba ta gani ba. Na biyu, bagaruwa takan ratsa fatar akuya cikin 'yan kwanaki, amma fata mai kauri sai ta daɗe ƙwarai a kwatarniya. Idan aka tsame ta da wuri, fuska biyu ne kawai suke jemuwa, tsakiya ta zauna ɗanya. Irin wannan fata ta haɗa amfani biyu: waje yana jure laima da ƙwari, ciki yana da taurin ƙaho. Kalmar jima ita kaɗai ba ta rarrabe waɗannan hanyoyi uku, kuma ya kamata masu tsara ƙamus su nuna hakan a ƙarƙashinta.

Shanya ita ce mataki mafi neman haƙuri. Akan huda gefen fata kewaye, a ja ta a kafe da turaku, ja ya zama daidai ta kowane ɓangare, in ba haka ba ta bushe a karkace, kuma fatar da ta bushe a karkace ba ta miƙuwa sai an sake jiƙa ta. Haɗarin fata mai kauri shi ne waje ya bushe ya kulle damshi a ciki, ciki ya ruɓe ba a sani ba sai ranar da aka buƙace ta. Busasshiyar iskar hunturu ita ce abokiyar wannan aiki. Ba a yanka siffar garkuwa sai fata ta gama motsewa, domin abin da aka auna a ɗanye ba shi ake samu a bushe ba.

4.4 Yanka da ɗinki da ado

Daga nan aiki ya koma hannun baduku. Bisa bayanin Rodd, garkuwar Abzin takan kai ƙafa 5 a tsawo da ƙafa 3 a faɗi, kusurwoyinta a dunƙule, gefenta biyu sun ɗan shiga ciki, ƙasanta kuma ya ɗan fi samanta faɗi. Wannan kishiyar garkuwar Turai ce, wadda take tsukewa ta ƙasa. Ana iya fahimtar dalili. Mahayin Turai yana da sulke, abin tsoronsa kuwa sukar mashi ne daga gaba. Mayaƙin ƙasar Sudan sau da yawa riga ce kawai a jikinsa, kuma a filin dagar Hausa kibiya mai dafin ƙwanƙwani ko ƙwarzanarsa ta yi a ƙafa ta gama da shi. Wanda yake cikin wannan hali ba zai rage faɗi don gudun nauyi ba, sai dai ya nemi fata marar nauyi. Abin da ya ɗaukaka darajar warwaji ke nan.

Bakin garkuwa akan naɗe shi da siririyar jar fata, irin wadda ake rinawa da karan dafi, a ɗinke da basilla. Wannan naɗi ado ne, amma kuma yana hana baki tsagewa da nannaɗewa. A tsakiyar sama akwai hanci na rataye ta a sirdi. Mariƙi kuwa guda ɗaya ne, a baya, wajen sulusin tsawonta daga sama, babu madaurin zura hannu. Wato ba a yi ta don a riƙa wurga ta hagu da dama ana tare sara ba, bango ce da mutum yake tafe da shi. Da yake ba katako a cikinta, tana da tauri amma ba ta sandare ba, kuma wannan ɗan bayarwa da take yi shi yake shanye ƙarfin mashi. A fuskarta akan tsaga zane mai kama da gicciye da ƙananan tsage-tsage, wani lokaci a ƙara jan mulufi da ƙusoshin ƙarfe.

4.5 Mutuwar sana'ar

Abu biyu suka kashe ta, harsashi da ƙarewar dabba. Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka ƙare a Burmi cikin Yuli na wannan shekara, kuma babu fatar da take tare harsashin bindiga mai ruwa. Shi kuwa warwaji, farauta da mota da bindiga da fari sun bi shi har aka ayyana a shekara ta 2000 cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya. A 2016 aka fara mayar da waɗanda aka kiwata a killace zuwa wani gandun daji a ƙasar Cadi, suka hayayyafa, har aka sassauta wancan hukunci a 2023, amma dabba ce da doka take karewa, ba ta mai garkuwa ba ce kuma. Abin da ya rage shi ne garkuwar ado da ake fita da ita a hawan salla, irin hawan Kano da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024.

5.0 Fatakwal da Anaca da Inugu

Zaman Hausawa a waɗannan birane ya kankama ne daidai lokacin da garkuwa take barin aiki. Anaca tsohuwar kasuwar bakin Kwara ce da fatake daga arewa suka sani tun ƙarni na 19. Mafarautan giwa Hausawa sun sauka Elele, arewa da inda Fatakwal take yanzu, a ƙarshen wannan ƙarni, amma haure suke nema, makaminsu kuwa bindiga da sango. Wasu sun shigo a matsayin sojan Turawa, kamar a yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902. Fatakwal kanta a 1912 aka kafa ta, Inugu kuma ta tashi ne a kan kwal da aka gano a 1909, aka haɗa su da layin dogo a 1916. Daga baya cinikin shanu ya zama ginshiƙin unguwannin da Ibo suke kira Ama Awusa, har wani ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Bahaushen kurmi da sanda da wuƙar fawa da basilla ya zo, garkuwa ya baro ta gida.

Ko da ya so ya yi ta a can, yanayi ba zai bar shi ba. Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba, Agadas kuwa ko 200 ba ta samu. Ɗanyar fata mai kauri ba ta bushewa har ciki a irin wannan laima, wadda aka kawo a bushe ma sai ta sha damshi ta yi laushi, fumfuna ta hau ta. Ba banza ba garkuwar gargajiya ta Ibo, wadda suke kira ọta, akasari saƙa ta ake yi da tsirrai irin su gwangwala, ko a sassaƙa ta da itace.

Sannan ga maganar ganda. Shanun da ake saukewa a kasuwanni irin ta Ugwuoba, a kan hanyar Inugu zuwa Anaca, fatarsu ba ta zuwa majema. Babbake ta ake yi a kankare a dafa, a sayar a matsayin nama, abin da mutanen gabas suke kira kanda. Mahauci ya fi samun kuɗi nan take a wajen mai miya fiye da wajen majemi, har ta kai a 2022 cibiyar nazarin fasahar fata da ke Zariya ta nemi a kafa dokar hana cin ganda domin ceto masana'antar fata. Saboda haka badukun da yake zaune a Anaca ko Inugu da jemammiyar fatar akuya da ta tunkiya da aka kawo daga arewa yake aiki, yana ɗinka laya da kube da jaka, ko yana gyaran takalma. Rabin sana'ar da ya shafi ƙirgi da kartaji da bagaruwa bai ƙetare Binuwai tare da shi ba, kalmominsa ma haka. Yaron da aka haifa a waɗannan unguwanni, wanda yake juya harshe tsakanin Hausa da Ibo da Turancin kasuwa, ba shi da inda zai ji an ce kartaji, balle kutufani.

6.0 Kalmar Garkuwa a Yau

Duk da haka kalmar garkuwa ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. A fannin lafiya ana cewa garkuwar jiki, da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma a 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya tsayar da karya-garkuwa a matsayin sunan ƙwayar cutar, ƙanjamau kuma sunan ciwon. A nan ma'anar kariya tana nan daram. Sai kuma yin garkuwa da mutane, wanda ya cika labaran rediyo. Asalinsa a fili yake: mutum ya sa wani a gabansa ya kare kansa da shi. Amma a yau ana faɗinsa ga wanda ya sace mutum don neman kuɗin fansa, ko da babu mai harbinsa. Kalmar da take nufin tsaro ta zama sunan babban abin tsoro, kuma ga mai sauraro ɗan shekara 20 wannan ma'ana ce take fara zuwa.

Akwai kuma sarauta, wadda take da abin sha'awa ga mai nazarin nahawu. Garkuwa kalma ce ta jinsin mace, mahaɗinta -r: garkuwar Buzu, garkuwar jiki. Amma idan ta zama sarautar namiji sai ta ɗauki -n, kamar a Garkuwan Sakkwato, sarautar tsohon gwamna Attahiru Bafarawa. Jinsin mai riƙe da sarautar ya rinjayi jinsin kalmar, ta bi sahun Galadiman Kano da Kauran Katsina. Ɗalibai da dama sukan ɗauki wannan a matsayin kuskuren rubutu su gyara shi, alhali gyaran ne kuskure.

Saura batun hoto. Idan aka ce garkuwa, siffar da ɗan makaranta a Inugu ko Fatakwal ya sani ita ce baƙar garkuwar tambarin Nijeriya, mai farin zanen haɗuwar Kwara da Binuwai, ko kuwa ta roba da 'yan sandan kwantar da tarzoma suke riƙewa. Ta tambarin jikar garkuwa mai tsini ce ta Turai, daga waccan ƙaramar ta ƙarni na 13 ta gangaro. Wato kalmar ta Hausa ce, hoton da ke bayanta na Normandi ne.

Wannan yana da tasiri ga mai fassara littafin tarihi ko na makaranta. Sunan da Ingilishi ya ba garkuwa mai tsini ya samo asali daga wani abin wasan yara na takarda da ake sakar wa zare iska ta ɗaga shi sama, saboda kamar siffa. Kalmar nan kuma ita ce sunan shirwa a Ingilishi, don haka wanda ya dogara da ƙamus kaɗai yana iya rubuta garkuwar shirwa, abin da ba shi da ma'ana ko kaɗan. Fassara da abin wasan ma ba ta fi ba, tunda ba shi da tsayayyen suna a Hausa. Bin al'adar harshen ya fi, wato a kira ta da siffarta: doguwar garkuwa mai tsini, ko garkuwar katako mai tsini inda ake son a nuna bambancin haɗi. Ƙaramar garkuwa mai kewaye ta kowace ƙasa kunkeli ya ishe ta, ba sai an ƙirƙiro sabon suna ba. Warwaji kuwa a bar shi ga garkuwar da aka yi da fatar warwaji kaɗai, kuma duk inda ƙamus ya kawo shi ya haɗa da hoton dabbar da na garkuwar, gaba da baya, yadda mai karatu zai ga inda mariƙin yake.